Abin da Ya Sa Na Daka Idon Kyamarar Babanku

Na gaji da jin wannan labari a bakinku kamar abin dariya. Duk Sallah, in kun taru a tsakar gida kun ci kun ƙoshi, sai wani ya ɗauko shi: wai Hajiya ce ta daka kyamarar Baba a turmi don tana tsoron hoto zai sace wa mutum kurwa. Jikoki su yi ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa in yi shiru, don ba a gyara magana cikin hayaniya. To yanzu na iya riƙe alƙalami, ko da yake sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma takarda ba ta katse mutum. Da farko dai ba kyamarar na daka ba, idonta na daka. Sannan ban taɓa tsoron hoto ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya san gaskiyar abin, bai dai taɓa buɗe baki ya gyara muku ba, don labarin jahilcina ya fi masa sauƙin ji.

A Yankara muke zaune lokacin, kamar shekara biyar kafin Turawa su miƙa mulki. Babanku yana yi wa wani Baturen auduga aiki, shi ke riƙe masa kaya in za su zaga ƙauyuka duba gonaki, a wurinsa kuma ya koyi ɗaukar hoto. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya ce ya bar masa kyamarar, amma ido ɗaya zai haɗa masa da shi, ya je ya gwada biyun ya zaɓa. Ido shi ne gilashin nan da ake murɗawa a bakin kyamara, ta cikinsa take gani. Babanku ya shigo da su a naɗe cikin tsumma, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ɗaya gajere ne, bai fi murfin tulu ba. Ɗayan dogo ne mai nauyi, kamar gaɓar rake mai kauri. Ya ɗaura gajeren ya ce in leƙa. Na ga tsakar gidanmu kaf, da randa da kaji da igiyar shanya, amma komai ƙanana. In kana son fuskar mutum sai ka tako har gabansa, ya gan ka ka gan shi. Sai ya sauya ya ɗaura dogon, ya kife turmi ya ce in hau in duba ta saman danga.

Can nesa gindin tsamiya, inda da idona ba na ganin komai sai farin abu, sai ga ladanin unguwarmu kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Tsoho ne wanda ko maza durƙusawa suke su gaishe shi. Ya tuɓe riga ya ɗora a cinya yana bin ɗinkin yana kashe kwarkwata, haƙarƙarinsa duk a waje. Bai san da ni ba. Na ji kunya ta rufe ni kamar na faɗa ɗakinsa yana kwance. Na sauko daga turmin na miƙa wa babanku abinsa.

“Malam, mai da ma Bature wanga dogon. Ba ya sallama.”

“Ke Dije, gilashi ne fa, ba baƙo ba,” in ji shi yana dariya.

Ya zauna ya yi mini bayani, kuma ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba. Ya ce shi hoton kasuwa da na hanya yake so, mutane suna harkarsu. In ya je da gajeren, da an gan shi sai maza su ƙame kamar an kira su gaban alƙali, mata su ja mayafi, yara su cika masa gaba suna gwalo. Da dogon kuwa zai samu mutane yadda Allah ya yi su. Na ce masa yadda Allah ya yi mutum ai shi ne abin da mutum ke sa riga ya rufe. Ya ce ni dai ba a raba ni da gardama. Washegari ya mayar da gajeren.

Ba a daɗe ba cikina ya tsufa, cikin babbanku, aka mayar da ni gidanmu a Yargoje in haihu. Ina can ina wankan jego, farkon damina, maciji ya sari mijin yayata a gona, bai kai la'asar ba. Yayata ita ce Inna Delu da kuka sani, mai yi muku ɗanwake. Ku kun san ta tsohuwa mai shiru-shiru. Da ba haka take ba, da in tana dariya a rijiya har bakin hanya ana ji. Suna zaune a wani ɗan ƙauye bayan Yankara da 'ya'ya biyu: Kulu, wadda ta fara famfara, da Ɗan'asabe, wanda bai daɗe da yaye ba.

Mamacin yana da wa, Malam Tanko, mazaunin Damari. Ya zo gaisuwa, ya zauna har aka yi sadakar bakwai. Ranar da zai koma ya sa aka kwaɓa laka, ya liƙe bakin rumbunan gidan duka biyu, ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyar lakar don ya zama shaida. Ya ce kada wanda ya taɓa sai ya gama noma ya dawo an raba gado, don akwai haƙƙin marayu a ciki. Marayun suna tsaye suna kallonsa. Ya auna wa Yaya dawa a masaki, ya kora awakin ya tafi da su, wai zai kiwata. Yaya kuwa ta shiga takaba: zane ɗaya, ba kitso ba lalle, ga 'yar wuƙar nan da ake ba mai takaba ta riƙe, kuma a al'adar wurin ba ta taka ko ƙofar gida sai ta fita.

Dawar masaki ta ƙare, Malam Tanko bai dawo ba. Tsakiyar damina ce, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, maƙwabta ma tafasa da rama suke ci. Sun taimaka iya ƙarfinsu. Ba ta aika Yargoje ba don ta san mahaifinmu yana kwance, ga mai jego ana ciyarwa. Hatsi na nan a tsakar gidanta, tana jin ƙamshinsa in rana ta bugi rumbu, Ɗan'asabe yana kuka yana cin ƙasa. Sai ta tuna tana da kalwa a tulu. Ta dafa ta yi daddawa. Kulu ba ta isa aike kasuwa ba. Yaya ta lulluɓe har ido, ta ɗauki faifanta, ta bi ta cikin gonaki ta je kasuwar Yankara ta zauna can ƙarshe, bayan masu tukwane, inda ba a cika bi ba. Ta sayar ta auno dawa ta koma. Ba ta fi sau uku ba, kuma ba wanda ya gane ta.

Shi kuwa babanku a lokacin sana'a ta buɗe. Ranar kasuwa sai ya hau saman motar kaya da ke tsaye a tasha, ya kwanta a kan buhuna da dogon idonsa yana ɗauka. Wani direba ke kai masa hotunan Zariya a wanko. In sun dawo sai ya manna su a jikin tabarma a rumfarsa, mutane su taru suna nuna juna: wane ga ka can kana cinikin jaki baki buɗe. Wasu su saya don sha'awa, wasu su saya don a cire su daga tabarmar. A cikin waɗanda aka wanko masa har da na wata mata a bayan masu tukwane. Hadari ya taso, ta ɗaga kai tana duban sama, hannu ɗaya ya rufe faifan daddawa, mayafin ya zame. Fuskarta ta fito tas, har da wuƙar takaba a gefen ƙafarta. Ya manna shi a tsakiyar tabarma, wurin da ya fi kyau.

Da Malam Tanko ya ga damar dawowa, ta kasuwa ya biyo. Ko wani ya tsegunta masa, ko idonsa ne ya kai, ban sani ba. Ya ce wa babanku ya ba shi hoton, babanku ya ɓamɓaro ya ba shi. Ya wuce da shi ƙofar mai gari ya ɗaga wa dattawa, ya ce su dubi matar da kabarin mijinta bai gama kwanciya ba, ga ta a kasuwa fuska buɗe tana neman wani. Ya ce ba zai bar 'ya'yan ƙaninsa a hannunta ba. Hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, dattawan da yawancinsu ba su taɓa riƙe hoto ba suna juya shi suna salati. Ba a kira Yaya ba. Ta yaya za a kira ta, ai tana takaba, ba ta fita. Ku duba wannan da kyau: an hukunta ta don ta fita, an kuma hana ta kare kanta don ba ta fita. Ba wanda ya tambayi rumbu, don rumbu bai fito a hoto ba. Aka fasa lakar, aka loda hatsin a jakuna, aka ɗora yaran a kan kayan.

Ni ban san komai ba. Na gama wanka aka rako ni Yankara da jariri da garar da mahaifiyarmu ta haɗa mini. Maƙwabciyarmu ce ta faɗa mini tun ban kwance goyo ba. Na wuce ƙauyen kai tsaye. Na sami Yaya zaune a ƙasa tsakanin rumbuna biyu da bakinsu a wangale. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi jaririn ta duba shi ta ce ya yi kama da mahaifinmu, sannan ta tambaye ni ko a Damari suna sa wa yara kanwa a kunu, don cikin Ɗan'asabe ba ya son ta.

Na koma gida na sami babanku yana goge kyamara da ƙyalle.

“Ka gane ta?” na ce.

“Daga saman mota ban gane ta ba. Sai da aka wanko.”

“Da aka wanko ka gane ta, mi ya kai ta tabarma?”

Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Dije, tunda nake ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba.”

Da ƙarya ya yi mini ya ce bai lura ba, wataƙila da na haƙura. Na danne zuciyata na roƙe shi abu ɗaya. Na ce ya je wurin mai gari, in ta kama har Damari, ya faɗa da bakinsa cewa daga nesa ya ɗauka ba da saninta ba, cewa a lulluɓe take iska ce ta buɗe ta, cewa daddawa take sayarwa don an liƙe mata rumbu. Namiji ne, an san shi, ya yi aiki da Bature, za a saurare shi. Ya ce shi ba ya shiga rabon gadon wasu. Ya ce in ya fara bin kowane hoto yana ba da haƙuri, sana'a ta mutu.

“Ni abin da ke nan na ɗauka. Ban ƙara ba, ban rage ba.”

“Ka rage,” na ce. “Ka rage rumbu, ka rage yunwa, ka rage kukan yaro. Fuska kawai ka yanko ka kai kasuwa. Da gajeren ne a hannunka, da sai ka tsaya gabanta, da ta ce maka Malam don Allah rufa mini asiri.”

Na ba shi har kasuwa ta zagayo ko zai sake tunani. Da safiyar ranar kasuwa na ga ya fito da kyamarar ya ajiye a tabarma, dogon idon a ɗaure, ya zaga bayan gida. Wato saman mota zai koma. Na san yadda ake murɗe shi, a gabana ya sha yi. Na cire shi, na mayar da kyamarar wurinta na rufe ta da ƙyallenta don ƙura, na jefa idon a turmi. Bugu na farko ƙarfen ya lotsa, na biyu gilashin ya tarwatse, ban tsaya ba sai da ya koma kamar tsakin kanwa. Hankalina ɗaya, ba aljani ba tsoro. Babanku ya fito da buta a hannu ya leƙa turmin. Sannan ya kira maƙwabcinmu ya ce ya shaida ya sake ni saki ɗaya.

Na goya ɗana na koma wurin Yaya, muka zauna tare har ta fita takaba. Ranar da ta yi wankan fita, washegari muka kama hanyar Damari, wani wuri a mota wani wuri a ƙasa. Malam Tanko ya hana mu shiga gidansa. Yaya ta ce mu koma, na ce ta nemi inuwa ta zauna. Na hau dakalin ƙofar gidansa, inda maza ke zama, na miƙe ƙafa da goyona. Duk wanda ya zo wucewa, mai zuwa masallaci ko mai zuwa gona, sai in gaishe shi da ladabi in ba shi labarin rumbu tun daga farko. In Malam Tanko ya fito sai in durƙusa har ƙasa.

“Malam, an tashi lafiya? Lakar ta fita daga hannun kuwa, ko a kawo ruwa?”

Ya kira ni mahaukaciyar Yargoje, ya ce ba mamaki da mijina ya kore ni. Na ce gaskiya ne, shi ya sa ba ni da wurin zuwa sai dakalinsa. Wata tsohuwa a unguwar ta ba mu wurin kwana, kullum da safe in koma bakin aikina. Da abin ya ishi mutanen gari, liman da wasu dattawa suka shiga suka same shi. Da suka fito aka ce ya yarda ya ba da Kulu, tunda mace ce, ta gidan wani ce. Namijin kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bayar ba. Na ce ban yarda ba, zan ci gaba da zama. Liman ya ce in na ƙara kwana a dakalin, Kulun ma za a fasa. Yaya ta kama hannuna ta matse, na gane ta zaɓa.

Matar Malam Tanko ta fito da yaran. Kulu ta rugo. Ɗan'asabe ya tsaya yana duban uwarsa kamar yana son ya tuna inda ya san ta, sai ya tako ya kama gefen zanenta. Aka bar shi ya ɗan jima. Sannan matar ta durƙusa ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta ɗauke shi. Yaya ta ce mata a rage masa kanwa. Har muka fita garin ba ta waiwaya ba, ni ce na yi ta waiwaye ina zagi.

Babanku ya zo biko bayan shekara ta zagayo, na koma don ɗana. Ya samo gajeren ido a Zariya, da shi ya yi sana'a har ya tsufa, yana tsayawa gaban mutane yana sallama. Duk hotunanku na yarinta da shi aka ɗauka. Mun zauna lafiya, na haifi sauranku, ya yi mini alheri da yawa ba zan ɓoye ba. Amma Damari bai taɓa zuwa ba, kuma wannan ban yafe masa ba sai da na ga an ɗauki gawarsa.

Bayan shekaru masu yawa, ina ajin Islamiyya na matan aure, malamarmu ta zo kan hukuncin takaba. Ta ce mai takaba tana iya fita da rana don larura, kamar neman abin da za ta ci in ba ta da mai kawo mata. Na miƙe tsaye na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na tambaye ta ko sabon hukunci ne, ta ce tun fil azal haka yake a littafi. Wato duk rawunan da suka zauna a ƙofar mai gari suna juya hoto, ko ba su sani ba, ko sun sani sun yi shiru. Na fita daga ajin na zauna a bakin rijiyar makarantar. Lokacin Yaya ta riga ta rasu, ban samu na faɗa mata ba.

Da ciwonta ya yi tsanani mun aika wa Ɗan'asabe. Lokacin magidanci ne da 'ya'yansa. Tun yana yaro Yaya take aika masa da ƙuli da riga duk Sallah, ba ta taɓa sanin ko suna isa hannunsa ba. Sau biyu ta je da ƙafarta aka ce ba ya nan. Ashe Malam Tanko ya adana hoton nan, da shi ya rene shi: ga uwarka, ubanka bai yi wata biyu a ƙasa ba. Ɗan aiken ya dawo ya tsaya a zaure yana ta kame-kame, sai da na daka masa tsawa ya faɗa. Ya ce Ɗan'asabe ya ce shi ba shi da uwa a Yargoje. Yaya tana ɗaki tana tambaya ko ya taho, Kulu ta ce mata yana hanya.

Ɗan'asabe yana nan da ransa a Damari, yana da injin niƙa a bakin kasuwa, kowa ya san shi. Ni ƙafata ba ta kai ni yanzu. Cikinku wanda ya fi kowa dariya ranar Sallah, shi zai ɗauki wannan ya je. Kada ya aika, kada ya ba wani ya miƙa. Ya sa a kashe injin, ya gaishe shi a matsayin yayansa, ya karanta masa tun daga wurin da aka kwaɓa laka. Kuma ya ɗaga murya, don an ce ƙarar injin ta cinye masa kunne.